Métal Hurlant: tambayoyi da amsoshi kan tsohuwar mujallar zane ta Faransa

Jama'a da dama in aka ce labarin zane abun da ke fara faɗo musu a rai shi ne Spider-Man da Batman, ko kuma na Japan da yara ke bi a waya yanzu. To amma akwai wata mujalla da ta fito a Paris a 1975 wadda in ka taɓa kallon fim ɗin kumbo da butum-butumi da biranen gobe masu hawa kan hawa, to ka riga ka ga aikinta ko da baka taɓa jin sunanta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta, da abun da zan iya cewa a kan kowacce.

Wai mece ce Métal Hurlant ɗin nan?

Mujalla ce ta labarai cikin zane, mafi yawansu ƙagaggun labaran kimiyya, wato na sararin samaniya da wasu duniyoyi da zamanin da bai zo ba tukuna, sai kuma na ban tsoro da na al'ajabi. Sunan da Faransanci yake, ma'anarsa ƙarfe mai kururuwa. Ba labari ɗaya take ɗauka daga bango zuwa bango ba, a'a, tarkace ce, a fitowa ɗaya zaka samu labarai da yawa na masu zane daban-daban, wani shafi biyu, wani takwas, wani kuma dogo ne ana yanko shi kaɗan-kaɗan duk wata, sannan a tsakani akwai rubutu kan littattafai da fina-finai da faya-fayen waƙa. Zangonta na farko, wanda shi ne ake nufi in ana maganar tarihinta, ya fara daga farkon 1975 ya ƙare a watan Yuli 1987, fitowa 133 kenan.

Su waye suka kafa ta?

Mutum huɗu ne. Jean Giraud wanda duniya ta fi sani da Mœbius, da Philippe Druillet, waɗannan biyun masu zane ne kuma lokacin sun riga sun yi suna. Sai Jean-Pierre Dionnet, marubuci kuma ɗan jarida, mutum ne da ya ci littattafan kimiyya da tsofaffin mujallun Amurka ya ƙoshi, shi ya zama edita kuma gaskiya shi ne ƙashin bayan tafiyar. Na huɗun Bernard Farkas, shi ne mai kula da kuɗi. A watan Disamba 1974 suka kafa kamfanin ɗab'i nasu na kansu suka sa masa Les Humanoïdes Associés, mujallar ta biyo baya. Sunan mujallar kuwa wani abokinsu mai zane, Nikita Mandryka, shi ya kawo shi.

Me ya sa suka ɓalle suka buɗe tasu, babu inda suke aiki ne?

Suna da wajen aiki, kuma babban waje ma, mujallar Pilote, wadda René Goscinny marubucin Asterix yake jagoranta. A nan Giraud yake zana Blueberry tun 1963, labarin kaboyi da Jean-Michel Charlier ke rubutawa, a nan kuma aka riƙa buga labarin Druillet mai suna Lone Sloane daga 1970. Kuma a faɗi gaskiya Goscinny ya buɗe musu ƙofa fiye da kowane edita na lokacin, bai kamata a mayar da shi mugun labarin ba. Matsalar ita ce Pilote asalinta ta yara da matasa ce, kuma a Faransa akwai dokar 16 ga Yuli 1949 da ke sa ido kan duk abun da ake bugawa domin yara, to akwai iyakar da edita ba zai iya tsallakawa ba ko yana so. Su kuma masu zanen sun girma, sun ga boren ɗalibai da ma'aikata na Mayu 1968, sun ga mujallun bayan fage da matasan Amurka ke bugawa ba ruwansu da kowa, sai suka fara jin rigar ta matse su.

Waɗanda suka fara ɓallewa su ne Mandryka da Gotlib da Claire Bretécher, suka kafa L'Écho des savanes a 1972, kuma ta samu kasuwa. Wannan ne ya nuna wa saura cewa ashe mai zane zai iya zama mai gidan kansa, ba sai ya jira wani ya sa masa hannu ba. Su Dionnet suka ce to mu ma bari mu yi tamu, amma ta kimiyya.

Fitowar farko ya take?

Shafi 68 ce, 18 ne kawai masu kala, sauran baƙi da fari, sabida kala tsada gare ta kuma aljihunsu ba nauyi. Bangon Mœbius ne ya zana, wata halitta a kan dutse baki buɗe tana kururuwa. A ciki akwai Mœbius da Druillet, akwai Jean-Claude Gal da labarin mayaƙa da Dionnet ya rubuta masa, zanen Gal kuwa in ka gani sai ka rantse shekara ya yi a kan kowane shafi don yawan ƙananan layuka, akwai kuma Ba'amurke Richard Corben. Da farko duk wata uku take fitowa, daga fitowa ta 7 ta koma duk wata biyu, daga ta 9 kuma ta zama ta wata-wata.

Kullum ana ta maganar Arzach, mene ne abun mamaki a cikinsa?

Nan ne zan ɗan daɗe, don in baka gane Arzach ba baka gane mujallar ba. Gajerun labarai ne guda huɗu na Mœbius da suka fito a fitowar farko-farko, 1975 zuwa 1976, kuma babu magana a cikinsu, babu kumfar magana a bakin kowa, babu rubutun bayani a saman zane. Wani mutum ne mai doguwar hula mai tsini da alkyabba, fuskarsa a murtuke, yana kan wani farin tsuntsu irin na zamanin da, kaman da dutse aka sassaƙa shi, suna ta shawagi a kan wata duniya da ba a gaya maka sunanta ba. Ko sunan labarin ma kowace fitowa da yanda ake rubuta shi, yau Arzach gobe Harzak.

Ɗauki na biyun. Suna tafe a sama, ƙasa kuma duk ciyawa ce har iya ganinka, amma ciyawar mai rai ce, tana miƙo hannuwa sama tana jiran abun da zai faɗo ta haɗiye, kuma ka ga ta haɗiye wani a gabanka don haka ka san ba wasa ba ne. Tsuntsun ya gaji, dole a sauka, wajen sauka ɗaya ne tak, wani ragowar gini da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar filin, a kansa kuma wani jibgegen dodo ja mai kama da goggon biri ya kafa ya tsare. Yanda mutumin ya yi wa dodon dabara ya raba shi da wajen, da yanda a ƙarshe suka sauka suka huta, duk da ido kake karantawa, kuma wallahi zuciyarka na bugawa kaman ana baka labarin da baki. Ga kuma kalar, da hannunsa ya shafa ta kai tsaye a kan zanen, ba irin yanda aka saba ba a zana da baƙin tawada a tura wani ya cike kala, shi ya sa sararin ke da wani irin haske da zurfi.

Abun da ya girgiza masu zane na lokacin shi ne ganin cewa ashe za a iya ba mutum shafi takwas masu kala, mafi tsada a mujallar, ya zuba abun da ba shi da bayani, ba shi da jarumin da zaka so, kuma masu karatu su biya kuɗi su saya. Hayao Miyazaki, mai shirya finafinan katun na Japan, da bakinsa ya faɗi yanda Arzach ya taɓa shi, kuma duk wanda ya ga Nausicaä, jarumar wani fim ɗinsa, tana shawagi a kan iska zai ga dangantakar. Shi ma Mœbius ɗin ya sa wa 'yarsa suna Nausicaa, daga baya ma aka haɗa ayyukansu su biyu a baje koli ɗaya a Paris a ƙarshen 2004.

To Giraud da Mœbius mutum ɗaya ne ko biyu?

Mutum ɗaya ne mai hannu biyu. An haife shi a 1938, ya rasu a watan Maris 2012. In yana zana Blueberry sai ya sa hannu da Gir ko Giraud, da buroshi yake aiki, zanen cike da inuwa da ƙura da gumin dawaki. In ya koma Mœbius sai ya ɗauki alƙalami, layin ya zama siriri tsaf, fili ya buɗe, hamada ta miƙe. Sunan ya aro shi ne daga wani masanin lissafi Bajamushe, kuma tun 1963 ya fara amfani da shi a mujallar Hara-Kiri kafin ya ajiye shi na wasu shekaru. Hamadar nan da ke yawan fitowa a zanensa ta samo asali ne daga zaman da ya yi a Meziko yana saurayi, wajen mahaifiyarsa. Mu da muka san yanda fili ke buɗewa in ka nausa arewa, sama ta yi faɗi mutum ya zama ɗan ƙanƙani, zamu gane abun da yake zanawa tun kafin a yi mana bayani.

Druillet fa, don naga an fi ambaton Mœbius?

An fi ambatonsa kam, kuma ni a ganina ana tauye Druillet. Shi salonsa kishiyar na abokinsa ne. Mœbius na barin fili, shi kuwa Druillet cikewa yake, ya fasa akwatunan da aka saba jerawa a shafi, ya ɗauki shafi biyu gaba ɗaya ya gina wani haikali ko kumbo mai girman gari, da gumaka da ƙahoni da jajayen idanu, mutane a gindinsa kaman ɗigo. Matarsa Nicole ta rasu da cutar kansa a 1975, shekarar da mujallar ta fara, daga wannan baƙin cikin ya fitar da La Nuit wanda kamfaninsu ya buga a 1976, littafi ne mai nauyi a zuciya, har hotunan matar ya saka a cikin zanen. Daga baya ya ɗauko Salammbô, littafin Gustave Flaubert kan tsohon birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya mayar da shi labarin sararin samaniya.

Me ya sa ake cewa tsarin gajerun labarai ne sirrin mujallar?

Sabida gajeren labari ba ya tsoratar da edita. In kamfani zai buga littafi guda mai shafi 48 dole ya tabbatar zai sayu, don haka sai ya nemi abun da aka saba. Amma a mujalla mai labarai goma, in ɗaya bai yi ba sauran tara zasu ɗauke shi, to sai a bar yaro sabon hannu ya gwada, a bar tsohon hannu ya yi haukarsa. Kaman kasuwar ƙauye ce, mai manyan buhuna ne ke jawo jama'a amma mai ɗan faranti ma na samun gefen da zai baza kayansa. Ta haka François Schuiten na Beljiyam ya shigo yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai tare da yayansa Luc, ta haka Serge Clerc ya shigo yana matashi sosai, ga Chantal Montellier, ga Yves Chaland, ga Enki Bilal da ya zana Exterminateur 17 wanda Dionnet ya rubuta, ga Jacques Tardi da Polonius, ga dattijo Paul Gillon da ya ci gaba da Les Naufragés du temps a can.

Babban misali shi ne Le Garage hermétique na Mœbius, daga 1976 zuwa 1979. Duk wata yake kawo 'yan shafuka, kuma bai tsara inda labarin zai je ba, da gangan yake jefa kansa cikin matsala a ƙarshen kowane kashi don ya ga yanda zai fita wata mai zuwa, wani lokacin ma salon zanen sai ya canza daga shafi zuwa shafi. Labarin wani Manjo Grubert ne mai hular kwano irin ta turawan mulkin mallaka, wanda ya ƙera wata ƙaramar duniya mai hawa uku a cikin dutsen sararin samaniya, mutanen ciki kuma suka fara neman 'yancin kansu daga gare shi. Babu kamfanin da zai karɓi wannan a matsayin littafi tun farko, mujallar ce ta bashi wajen da zai tsiro, kuma yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukansa.

Da gaske ne finafinan Amurka sun kwasa daga gare ta?

Da gaske ne, kuma hanyar da abun ya bi ma labari ce. A tsakiyar shekarun 1970 wani mai shirya fim ɗan ƙasar Chile, Alejandro Jodorowsky, ya zauna a Paris yana son ya mayar da littafin Dune na Frank Herbert fim. Ya tara mutane, Mœbius ya zana masa fim ɗin gaba ɗaya a takarda, zane wajen 3000, ga H. R. Giger daga Suwizalan, ga Chris Foss daga Ingila mai zanen kumbo, ga Dan O'Bannon daga Amurka. Kuɗi bai samu ba, fim ya rushe. Amma a zaman jiran nan O'Bannon ya rubuta wani gajeren labari Mœbius ya zana, The Long Tomorrow, aka buga a mujallar a 1976. Labarin wani ɗan leƙen asiri mai zaman kansa ne, Pete Club, a wani birni da aka gina shi hawa-hawa zuwa cikin ƙasa, masu kuɗi a sama talakawa a can ƙasa, motoci na tashi a tsakanin benaye, cunkoso, datti, 'yan sanda butum-butumi.

Kafin wannan, in an zana gobe yawanci tsaf-tsaf ake zana ta, komai fari yana ƙyalli. Nan kuwa aka ga gobe mai tsatsa da shara da 'yan daba. Mai shirya fim Ridley Scott bai ɓoye ba cewa mujallar da wannan labarin na cikin abun da ya gina fim ɗinsa Blade Runner na 1982 a kai, shi ma William Gibson marubucin littafin Neuromancer ya faɗi irin haka. Kafin nan ma, O'Bannon ɗin ne ya rubuta fim ɗin Alien na 1979, Giger ya ƙera dodon, Mœbius ya zana rigunan 'yan sama jannatin, wato tawagar Dune da ta watse ce ta sake haɗuwa a wani wajen. Mœbius ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya kuma yi a The Fifth Element na Luc Besson na 1997 tare da Jean-Claude Mézières.

L'Incal kuma fa?

Shi ne abun da Jodorowsky da Mœbius suka yi da ragowar mafarkin Dune. Ya fara fitowa a mujallar a watan Disamba 1980, aka kammala shi a 1988 bayan ita mujallar ta riga ta tsaya. Buɗewarsa kaɗai ta isa, tun a shafukan farko ka ga mutum na faɗowa daga can saman birni, wasu sun jefo shi, yana ta wuce hawa bayan hawa jama'a na leƙowa suna kallo, a ƙasa kuma tafkin asid ke jiransa. Sunansa John Difool, ƙaramin ɗan leƙen asiri ne matsoraci mai son jin daɗi, ba jarumi ba ko kaɗan, da wani tsuntsunsa Deepo. Wani abu mai haske da ƙarfin gaske ya faɗo hannunsa, kowa na nemansa. Daga nan labarin ya tafi har ƙarshen duniya. Akwai camfe-camfe da surkullen Jodorowsky a ciki da yawa waɗanda mai karatu Musulmi ko Kirista zai karanta ne a matsayin tatsuniya kawai, amma a matsayin gini na labari da zane, da wuya ka samu kamarsa.

Heavy Metal ta Amurka ita ce Métal Hurlant?

'Yarta ce, ba ita ba ce. Leonard Mogel na kamfanin Amurka da ke buga mujallar National Lampoon ya ga mujallar a Paris ya sayi izinin fassara ta, Heavy Metal ta fara fitowa a watan Afrilu 1977. Shekarun farko yawancin abun da ke ciki fassarar na Faransa ne, a takarda mai sheƙi da kala mai kyau, kuma ta nan ne matasan Amurka da yawa suka fara ganin Mœbius da Druillet da Bilal, ta kuma buga labarin Den na ɗan ƙasarsu Corben. A hankali ta kama hanyarta, ta ƙara masu zanen Amurka da Sifen da Italiya, kuma a ra'ayina ta fi uwar karkata ga bangon mata rabin tsirara don jan kasuwa, wanda hakan ya sa mutane da yawa har yau suke ɗauka abun da ke ciki kenan kawai. A 1981 aka yi fim ɗin katun mai suna Heavy Metal a Kanada, Ivan Reitman ya ɗauki nauyi, kashin ƙarshe na wata jaruma Taarna a kan tsuntsu kuwa kowa ya san daga Arzach aka ɗebo shi. A farkon shekarun 1990 Kevin Eastman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro kunkurun Ninja, ya saye mujallar. Jamus ma ta yi tata, Schwermetall.

Zan iya ba yarana su karanta?

A'a. Wannan amsar ba sai an yi kwana-kwana ba. Ta manya ce, akwai tsiraici, akwai zubar da jini, akwai shaye-shaye, wasu shafukan ma babba mai kunya zai wuce su da sauri, kuma ba duka ne ke da wata hikima a bayansu ba, wasu neman ido ne kawai irin na samarin wancan zamani. Hukumar Faransa ma ta hana sayar da ita ga yara tun tana ƙarama. Ina faɗin haka ne don kar wani ya ji ana yabon zane ya sauke wa ɗansa a waya.

Amma takunkumin ya yi ɓarnar da ta dame ni. Kamfanin ya fito da wata mujalla a 1976 mai suna Ah ! Nana, wadda mata ne ke jagorantarta kuma mafi yawan masu zanen mata ne, irin su Nicole Claveloux da Chantal Montellier da Florence Cestac, a lokacin da mace mai zanen labari a Faransa ƙidaya ce da yatsu. Suna taɓo batutuwa masu zafi na rayuwar mata da cin zarafi. Fitowa tara kawai ta yi, a 1978 aka sa mata takunkumi, kasuwarta ta mutu, ta tsaya.

Duk labaran kimiyya ne har ƙarshe?

Ba duka ba. Wajen ƙarshen shekarun 1970 Philippe Manœuvre, ɗan jaridar kiɗan rok, ya yi ƙarfi a gidan har ya zama edita, sai iskar ta juya. Aka samu Frank Margerin da Lucien ɗinsa, saurayin unguwa mai tulin gashi a goshi da baƙar rigar fata, labaran ban dariya na bayan garin Paris babu kumbo babu dodo. Aka samu su Chaland da Clerc da Ted Benoit da suka dawo da tsaftataccen layi irin na Tintin da Spirou na shekarun 1950 amma da idon zamani, ga Loustal, ga Jano, ga Dodo da Ben Radis. Masoya na farko wasu sun yi fushi suna ganin an bar hanya, ni kuwa ina ganin wannan ne ya ƙara mata shekaru, don da ta tsaya kan kumbo kaɗai da ta gaji da wuri. Kamfanin har littattafan rubutu zalla ya buga, ya fassara Charles Bukowski da Hunter S. Thompson zuwa Faransanci.

In tana da kyau haka me ya kashe ta a 1987?

Kuɗi, da gajiya, da canjin kasuwa. Tun farko masu zane ne da marubuta ke tafiyar da kamfani, mutanen da suka iya hango abu mai kyau amma lissafi ba fanninsu ba ne, Farkas mai kula da kuɗin ma bai daɗe ba ya tafi, suna buga littattafai masu tsada don suna son su ba don zasu sayu ba, bashi ya yi ta taruwa har ragamar ta fita daga hannunsu. Sannan gasa ta yi yawa, mujallun Fluide Glacial da Circus sun fito a 1975, kamfanin Casterman ya fito da mujallar (À suivre) a 1978 da dogayen labarai masu nauyi, kowa na jan masu zane ɗaya. Dionnet da Manœuvre kuma talabijin ta ɗauke musu hankali da shirin Les Enfants du rock, Mœbius ya bar Faransa ya ƙare a Amurka, Dionnet ya bar kujerar a 1985, mujallar ta koma ƙarƙashin kamfanin ɗab'i na Hachette.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan zurfi. Masu karatu sun koma jiran littafi cikakke mai bango mai tauri, me zai sa in sayi labari gutsi-gutsi duk wata alhali in na yi haƙuri zan same shi dunƙule? To mujallun da suka haifi waɗannan littattafan sai littattafan suka cinye su. Ba ita kaɗai ba ce, Pilote ta tsaya a 1989, (À suivre) ta bi a 1997. Abun da aka rasa shi ne wancan gefen da sabon hannu ke gwaji, kuma har yau masu zane a Faransa na kukan rashinsa.

Ta sake dawowa?

Ta dawo har sau biyu. A 1988 wani matashi ɗan Suwizalan, Fabrice Giger, ba shi da alaƙa da Giger mai dodon Alien, ya sayi kamfanin, daga baya ya buɗe reshe a Los Angeles da sunan Humanoids. A 2002 aka farfaɗo da mujallar daga lamba 134, ta yi 'yan shekaru ta sake kwanciya. A 2012 aka yi shirin talabijin mai suna Métal Hurlant Chronicles daga wasu gajerun labaranta. Sai a 2021 ta sake fitowa, wannan karon mai kauri kaman littafi, duk wata uku, ana cakuɗa sababbin masu zane da tsofaffin taskoki na zangon farko. In kana son ka auna nauyin zangon farkon, duba babbar kyautar bikin zane na garin Angoulême a Faransa, Mœbius ya karɓa a 1981, Gillon 1982, Tardi 1985, Bilal 1987, Druillet 1988, Margerin 1992, Schuiten 2002, Corben 2018, dukkansu sun ratsa ta shafukanta.

Ban iya Faransanci ba, daga ina zan fara?

Fara da Arzach tunda ba ya buƙatar kowane harshe, ka zauna da kowane shafi kar ka yi sauri, in kai mai zane ne ma ka ɗauki fensir ka gwada kwaikwayon yanda yake nuna nisa da ɗigo-ɗigo da siraran layuka. Daga nan The Long Tomorrow, gajere ne zaka gama a zama ɗaya. Sai L'Incal, akwai shi da Turanci a dunƙule, amma ka nemi bugun da ke da kalar asali, don an taɓa sake masa kala da kwamfuta a farkon shekarun 2000 kuma ta danne layin Mœbius sosai. Le Garage hermétique ka bar shi sai ka saba da hannunsa, in ka fara da shi zai iya korarka. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci su sun fi mu sa'a a nan, zasu iya karanta Margerin da rubuce-rubucen Dionnet yanda aka rubuta su, waɗanda yawancinsu ba a fassara ba. Tsofaffin fitowar na takarda kuwa sai wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a intanet, lambobin farko sun yi tsada sabida masu tarawa, amma na shekarun 1980 ana samunsu da sauƙin kuɗi, kuɗin aikowa ne ma zai fi na mujallar.